Yadda Ake Zaɓen Karatun Digiri na Biyu Domin Zama Ƙwararren Mai Ba da Shawara

Duk wanda yake son ya zama ƙwararren mai ba da shawara, irin wanda mutane suke zuwa wurinsa da ciwon damuwa, ko rikicin aure, ko matsalar shaye-shaye, ko ruɗanin zaɓen sana'a, ya kamata ya fara da amsa tambaya guda ɗaya kafin ya buɗe shafin kowace jami'a: a wace ƙasa, kuma a wace jiha, yake nufin ya yi aikin? Dalili kuwa shi ne jami'a digiri kawai take bayarwa, amma izinin zama da mutum a ɗaki a saurari sirrinsa a karɓi lada a kan hakan, hukumar ba da lasisi ce take da shi. Ita ce take faɗin darussan da dole a yi, da yawan awannin horon da dole a cika, da jarrabawar da dole a ci. Idan digirin bai dace da sharuɗɗanta ba, sunan jami'ar komai girmansa ba zai hana a mayar da mutum aji ya ƙaro darussa da kuɗinsa ba.

Saboda haka aikin farko shi ne ka nemo dokokin hukumar wurin da kake nufi, ka karanta su da kanka, ka rubuta sharuɗɗan a takarda, sannan ka riƙa auna kowane shiri na karatu da wannan takarda. Ƙasashe sun sha bamban ƙwarai a kan wannan. A Amurka, inda tsarin ya fi bunƙasa kuma inda mafi yawan misalan wannan bayani za su fito, kowace jiha tana da hukumarta. Jihar Virginia ce ta fara ba masu wannan sana'a lasisi a 1976, Kalifoniya kuma ita ce ta ƙarshe a 2009, kuma har yau sunan lasisin ma bai zama ɗaya ba: wasu jihohi suna kiransa LPC, wasu LMHC, wasu LCPC ko LPCC. A Birtaniya kuwa doka ba ta killace sunan sana'ar ba, don haka nauyin tantance masu yin ta ya rataya ne a kan ƙungiyoyin ƙwararru irin su BACP, wadda take buƙatar ɗalibi ya yi aƙalla awa 100 na zama da masu neman shawara a ƙarƙashin kulawa kafin ya kammala horonsa na asali. A Kanada lardi ne yake yanke hukunci, wasu lardunan suna da hukuma, wasu kuma suna dogara da shaidar ƙungiyar ƙasa ta CCPA. Wanda ya yi karatu a ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da niyyar komawa wata ƙasar ya yi aiki, sai ya tambayi hukumar ƙasar da zai koma, a rubuce, ko za ta karɓi digirin.

Tabbatar da cewa wannan sana'ar ce kake so

Akwai sana'o'i guda huɗu ko biyar da suke kama da juna a idon jama'a, amma hanyar shiga kowacce daban take. Likitan ƙwaƙwalwa karatun likitanci yake yi, kuma shi ne yake rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam da yake duba marasa lafiya, a Amurka sai ya yi digiri na uku kafin a ba shi lasisi, kuma yakan ƙware wajen gwaje-gwajen auna tunani. Ma'aikacin walwalar jama'a yana da nasa digirin na biyu da tasa hukumar tantancewa mai suna CSWE, mai gyara tsakanin ma'aurata da iyali ma yana da tasa mai suna COAMFTE. Ƙwararren mai ba da shawara kuwa digiri na biyu ne matakin shigarsa, wanda yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku ga mai karatu na cikakken lokaci, kuma ba ya rubuta magani. Makamansa su ne sauraro, da tambaya, da dabarun da bincike ya nuna suna taimaka wa mutum ya sauya tunaninsa da halinsa.

Asalin sana'ar yana bayyana irin ruhinta. Ta samo tushe ne daga jagorancin matasa wajen zaɓen aiki, tun lokacin da Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'a a birnin Boston a 1908, daga baya kuma tunanin Carl Rogers ya yi mata tasiri mai zurfi, shi da ya dage a kan cewa mai neman shawara ya fi kowa sanin rayuwarsa, aikin ƙwararre shi ne ya samar masa da yanayin gaskiya da karɓa da fahimta. Wannan ya sa har yau shirye-shiryen karatun suke kallon mutum ta fuskar girma da lafiya da ƙarfin da yake da shi, tare da koyar da yadda ake gane cuta. Wanda burinsa shi ne ya riƙa gaya wa mutane abin da za su yi zai sha mamaki a zangon farko, domin abin da malamai suke fara hana ɗalibi shi ne saurin ba da mafita.

A cikin sana'ar kanta akwai rassa, kuma a lokacin neman gurbi ake zaɓen reshe. Mafi yawan ɗalibai suna shiga reshen lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda shi ne yake kai mutum asibiti ko cibiyar al'umma ko ofishin kansa. Akwai reshen makarantu, wanda a jihohi da yawa ma'aikatar ilimi ce take ba da shaidarsa, ba hukumar da take ba da lasisin asibiti ba, kuma ƙungiyar masu wannan reshe ta ASCA tana ba da shawarar kada a ɗora wa mutum ɗaya fiye da ɗalibai 250. Akwai kuma rassan shaye-shaye, da aure da iyali, da sana'a, da taimakon masu buƙata ta musamman, da kula da ɗaliban jami'a. Wanda bai tsai da magana ba tukuna, ya fi masa sauƙi ya shiga reshen lafiyar ƙwaƙwalwa, domin ƙofofin da yake buɗewa sun fi yawa; wanda kuma ya zaɓi reshen makarantu ya binciki ko darussansa za su ishe shi neman lasisin asibiti idan ya sauya ra'ayi nan gaba.

Tantancewa

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin tantancewa iri biyu ce. Akwai amincewar da ake yi wa jami'a gaba ɗayanta, akwai kuma wadda ake yi wa shirin karatu guda a cikinta. Jami'a tana iya zama halastacciya mai daɗaɗɗen tarihi, alhali shirinta na wannan fanni ba a tantance shi ba. Hukumar da ta fi shahara wajen tantance shirye-shiryen wannan sana'a a Amurka ita ce CACREP, wadda aka kafa a 1981, kuma tana da jerin sunayen shirye-shiryen da ta amince da su a shafinta na intanet, inda kowa zai iya dubawa kyauta. Akwai wata mai suna MPCAC, wadda ta fi kusa da sassan nazarin halayyar ɗan Adam, kuma wasu jihohi suna karɓar ta. Kada ka wadatu da abin da takardar tallan jami'a ta ce. Kalmomi irin su "an tsara shirin bisa ƙa'idojin hukuma" ko "muna kan neman amincewa" ba su nufin an samu amincewar. Sunan shirin, da reshensa, da harabar da ake yin sa, su ne za ka nema a jerin hukumar.

Amfanin tantancewa a bayyane yake. Shirin da CACREP ta amince da shi dole ya kai kiredit 60 (ma'aunin yawan darussan da aka yi) na tsarin zango biyu a shekara, adadin da jihohi da yawa suke nema, don haka takardun mutum sukan wuce a hukumar lasisi ba tare da an bi darussansa ɗaya bayan ɗaya ba. Wasu jihohi sun mayar da irin wannan digiri sharaɗi, haka ma wasu ma'aikatun gwamnatin tarayya, kamar ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji. Har ila yau CACREP tana tilasta wa kowane shiri ya riƙa wallafa alƙalumansa a kowace shekara: ɗalibai nawa suka kammala, kashi nawa suka ci jarrabawar lasisi, kashi nawa suka samu aiki. Waɗannan alƙaluma sun fi jerin manyan jami'o'i da mujallu suke fitarwa amfani ga mai neman gurbi, kuma shirin da ya ɓoye su a lungun shafinsa ya cancanci a yi masa ƙarin tambaya.

Ba a ce duk shirin da ba a tantance ba marar kyau ne, akwai nagartattu a cikinsu. Sai dai wanda ya shiga irinsa ya ɗauki nauyin tabbatar wa hukumar lasisi da kansa cewa kowane darasi ya cika sharaɗi, kuma nauyin zai dawo duk lokacin da ya ƙaura zuwa wata jiha.

Abin da ake koyarwa

Darussan asali sun kasu kashi takwas a tsarin CACREP: sanin sana'ar da ɗa'ar aikinta, bambancin al'adu da zamantakewa, girman ɗan Adam daga yarinta zuwa tsufa, bunƙasar sana'a, dabarun ba da shawara da dangantakar taimako, aiki da rukunin mutane, gwaji da aunawa, sai bincike da tantance ayyuka. A kan waɗannan ake ɗora darussan reshe, kamar gane cututtukan ƙwaƙwalwa ta amfani da kundin DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda bugunsa na baya-bayan nan da aka yi wa gyara ya fito a 2022, ko kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kusan duk shirye-shiryen da aka tantance suna koyar da waɗannan, saboda haka jerin darussa ba shi ne wurin da za ka ga bambanci tsakaninsu ba.

Bambancin yana cikin yadda ake koyar da hannu. A darasin dabaru, akan raba ɗalibai uku-uku: ɗaya ya zama mai ba da shawara, ɗaya mai nema, na uku ya zauna gefe yana rubuta abin da ya gani. Akan ɗauki zaman a bidiyo, ɗalibi ya koma ya rubuta duk kalmar da ya furta a cikin minti goma ko sha biyar, ya kuma rubuta a gefen kowace jimla dalilin da ya sa ya faɗe ta da abin da ya fi dacewa ya ce. A nan ɗalibi yakan gano cewa ya yi tambaya huɗu a jere ba tare da ya bar mutumin ya numfasa ba, ko kuma lokacin da abokinsa ya ce "ban san abin da zan gaya wa mahaifiyata ba" muryarsa tana rawa, shi sai ya tsallake rawar muryar ya tambaye shi shekarun mahaifiyar. Malami yakan tsayar da bidiyon daidai wannan wuri ya ce, "Me ka ji a jikinka a nan? Me ya sa ka gudu?" Shirin da yake yin irin wannan aiki sau da yawa, a ƙananan azuzuwa, a gaban malamin da shi ma yana ganin masu neman shawara, shi ne yake fitar da ƙwararru. Bincike na shekaru masu yawa ya nuna cewa ƙarfin dangantakar da ke tsakanin mai ba da shawara da mai nema yana daga cikin abubuwan da suka fi nuna ko aikin zai yi nasara, kowace irin dabara aka bi, ko ta gyaran tunani da hali ce wadda Aaron Beck ya assasa ko wata. Edward Bordin ya bayyana wannan dangantaka a 1979 da abubuwa uku: yarda a kan manufa, yarda a kan abin da za a yi, da aminci tsakanin mutanen biyu. Babu ɗaya a cikinsu da ake koya ta hanyar haddar littafi.

Akwai kuma abin da masu neman gurbi ba su cika sani ba: ana auna halin ɗalibi kamar yadda ake auna makinsa. Malamai suna da alhakin tsare ƙofar sana'ar, kuma suna iya dakatar da ɗalibin da yake cin jarrabawa da kyau idan ba ya karɓar gyara, ko ba ya riƙe sirri, ko yana ɗora wa mutane ra'ayinsa. Ana kuma sa ɗalibai su zauna a ƙaramin rukuni a matsayin mahalarta na aƙalla awa 10, domin su ɗanɗana abin da za su riƙa neman wasu su yi. Wasu shirye-shiryen, musamman a Birtaniya, suna sharɗanta wa ɗalibi shi ma ya je wurin mai ba da shawara na wani lokaci. A ganina ko ba a sharɗanta ba ya kamata ya je, domin wanda bai taɓa zama a kujerar mai nema ba da wuya ya san nauyin buɗe baki a gaban baƙo.

Darasin ɗa'a ma ba na wasa ba ne. Kundin ɗa'a na ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka, wato ACA, wadda ta samo asali tun 1952, ya yi bayani a kan riƙon sirri da iyakokinsa, da hana cuɗanya aikin da wata alaƙa ta daban, da samun yardar mai neman shawara bayan an yi masa cikakken bayani. Ɗalibi zai karanta shari'ar Tarasoff ta Kalifoniya, wadda hukuncinta na 1976 ya kafa cewa idan mai neman shawara ya zama barazana ta gaske ga wani mutum, wajibi ne ƙwararre ya ɗauki matakin kare wannan mutum ko da hakan zai taɓa sirri. Kundin ya kuma hana mai ba da shawara ƙin karɓar mutum don kawai rayuwarsa ta saɓa wa aƙidar ƙwararren. Mai riƙo da addini yana iya yin wannan sana'a da kyau, kuma akwai jami'o'in addini da aka tantance shirye-shiryensu, amma ya dace ya karanta kundin tun kafin ya biya kuɗin makaranta, ya auna shi da zuciyarsa.

Horon aiki, inda ya kamata ka fi yawan tambaya

A tsarin CACREP, horon aiki mataki biyu ne. Na farko gajere ne, awa 100, wanda aƙalla 40 daga ciki dole su kasance na zama kai-tsaye da masu neman shawara. Na biyu shi ne horon sanin makamar aiki na awa 600, wanda 240 daga ciki na zama kai-tsaye ne. A duk tsawon lokacin ɗalibi yana samun kimanin awa ɗaya a mako tare da mai duba aikinsa, shi kaɗai ko su biyu, da kuma awa ɗaya da rabi a mako a cikin rukunin da bai wuce mutum 12 ba. Mai duba aikin a wurin horo dole ya kasance yana da digiri na biyu aƙalla, da shaidar aiki, da gogewar da ba ta gaza shekara biyu ba. Ɗalibi kuma sai ya yanki inshorar kariya daga ƙarar kuskuren aiki kafin ya ga mutum na farko, wuraren horo da yawa kuma sukan binciki ko yana da tarihin laifi.

Waɗannan lambobi mafi ƙanƙantar abin da ake buƙata ne, kuma ba su faɗi ingancin horon ba. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wa yake nemo wurin horo. Wasu jami'o'i suna da cibiyarsu ta ba da shawara a cikin harabar, mai ɗakuna da kyamarori, inda ɗalibai suke fara ganin mutane malamai suna kallo. Wasu suna da jami'in da aikinsa ke nan, yana da yarjejeniya da asibitoci da makarantu. Wasu kuma sukan miƙa wa ɗalibi jerin lambobin waya su ce ya nema da kansa, kuma a irin wannan ne mutum yakan rasa zango guda ko biyu yana jira, kuɗin makaranta kuma yana tafiya. Ka tambayi sashen kai-tsaye ɗalibai nawa ne suka jinkirta kammalawa a bara saboda rashin wurin horo, sannan ka nemi a haɗa ka da ɗalibai biyu ko uku da suke shekarar ƙarshe ka ji daga bakinsu. Ka tambaye su ko mai duba aikinsu yana sauraren faifan zamansu ko kuwa sa hannu kawai yake yi a takarda, da ko suna samun isassun mutane har su cika awanni 240 ɗin, domin mai neman shawara da ya yi alƙawari bai zo ba, ba a lissafa awarsa.

Ka kuma shirya aljihunka da lokacinka tun da wuri. Awa 600 a zango biyu yana nufin kimanin awa 20 a mako, galibi da rana, kuma wurare da yawa ba sa biyan ɗalibi komai. Mai aikin cikakken lokaci yana iya jure darussan yamma shekara biyu, amma idan shekarar horo ta zo sai ya rage aikin ko ya nemi sauyin lokaci.

Karatu ta intanet ya yawaita a wannan fanni, kuma akwai shirye-shirye da dama na intanet da aka tantance. Yana da amfani ga mai iyali ko wanda yake nesa da jami'a, amma horon aiki dole a wurin aiki na gaske za a yi shi, kuma shirye-shirye da yawa suna kiran ɗalibai harabar jami'a na 'yan kwanaki domin gwajin dabaru ido da ido. Kafin ka shiga, ka samu tabbaci a rubuce cewa jami'ar tana da izinin horar da ɗalibai a jihar ko ƙasar da kake zaune, kuma shirin ya cika sharuɗɗan lasisin wurin.

Neman gurbi

Ba dole ba ne digirinka na farko ya kasance a nazarin halayyar ɗan Adam. Malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da waɗanda suka karanci shari'a ko kasuwanci duk suna shiga. Yawancin shirye-shirye suna neman matsakaicin maki kusan 3.0 cikin 4.0, da wasiƙun shaida biyu ko uku, da takardar bayanin manufa, kuma da yawa sun daina neman GRE, jarrabawar shiga karatun digiri na biyu. Abin da yake ɗaga takardun mutum shi ne shaidar cewa ya taɓa zama da masu wahala, ko a layin wayar agajin gaggawa, ko a gidan marayu, ko a cibiyar masu fama da shaye-shaye, ko a makaranta. Wanda bai taɓa yi ba, ya fi masa alheri ya ba da wata shida yana aikin sa-kai kafin ya nema, domin ya san ko zai iya.

A takardar manufa, kusan kowa yakan rubuta cewa yana son taimakon mutane kuma abokansa suna kawo masa matsalolinsu, don haka wannan ba ya bambanta kowa. Ka faɗi irin mutanen da kake son yi wa aiki, da abin da ka gani a wurinsu, da abin da ka gane ba ka iya ba tukuna, da dalilin da ya sa wannan shirin ne zai koya maka shi. Idan wata jarrabawa ta rayuwa ce ta jawo ka fannin, babu laifi ka ambace ta a taƙaice, amma masu tantancewa suna son su ga cewa ciwon ya warke har ka iya ɗaukar na wani. Shirye-shirye da yawa suna yin ganawa, wani lokaci a rukuni, kuma a nan suna lura da yadda kake sauraren sauran masu nema fiye da yawan maganarka.

Game da kuɗi, ka lissafa kiredit 60 gaba ɗaya tare da sauran kuɗaɗen rajista, ka tambayi ko sashen yana da gurbin mataimakin malami ko na bincike da yake rage kuɗin makaranta. Albashin farko a wannan sana'a matsakaici ne, kuma hukumar lasisi ba ta fifita digirin jami'a mai tsada a kan na mai sauƙi idan dukansu an tantance su, don haka cin bashi mai nauyi saboda suna ba dabara ba ce.

Ɗalibin da zai zo daga wata ƙasa yana da ƙarin aiki. Za a nemi ya kai sakamakonsa ga kamfanin auna takardun karatu irin su WES, a mafi yawan lokuta kuma a nemi sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne lissafin biza: mai bizar ɗalibi ta F-1 yakan samu izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa, alhali awannin da ake buƙata kafin cikakken lasisi sukan ɗauki shekara biyu ko fiye. Wanda yake nufin ya kai ga lasisin Amurka sai ya tattauna wannan giɓi da ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun kafin ya karɓi gurbin.

Bayan digiri

Karɓar digiri rabin tafiya ne. Wanda ya kammala yakan nemi lasisin wucin-gadi, ya yi aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararren da hukuma ta amince da shi, har ya tara awannin da jiharsa ta ƙayyade, galibi tsakanin 2,000 da 3,000. Texas da Kalifoniya da New York duk 3,000 suke nema. Sai jarrabawa, wadda hukumar NBCC, da aka kafa a 1982, take shiryawa iri biyu: NCE mai tambayoyi 200 na zaɓen amsa, da NCMHCE wadda take kawo labarin mai neman shawara ta tambayi yadda za a gane matsalarsa da yadda za a bi da ita. Wasu jihohi suna neman ɗaya, wasu ɗayar, wasu duka biyun, wasu kuma suna ƙara gajeriyar jarrabawa a kan dokokin jihar. Idan an samu lasisi, akan sabunta shi lokaci-lokaci da shaidar ƙarin karatu. Abubuwa biyu sun faɗaɗa fagen aikin a 'yan shekarun nan: daga farkon 2024 Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka wanda galibi na tsofaffi ne, ya fara biyan kuɗin aikin masu wannan lasisi, sannan jihohi da yawa sun shiga yarjejeniyar da take nufin ba mai lasisin wata jiha damar aiki a sauran jihohin da suka sa hannu.

Digiri na uku ba sharaɗi ba ne ga mai son ganin masu neman shawara. Amfaninsa yana ga wanda yake son koyarwa a jami'a, ko bincike, ko horar da masu duba aikin wasu, kuma ya fi armashi bayan mutum ya yi 'yan shekaru yana aiki.

Akwai ƙaramin aiki da zai cece ka daga wahala mai yawa, kuma daga ranar farko ake fara shi. Ka adana manhajar kowane darasi da ka yi, wadda take ɗauke da sunan malami da littattafai da batutuwan mako-mako, domin hukumar wata jiha tana iya neman ta bayan shekara goma, lokacin da sashen ya sauya darussansa. Ka riƙa rubuta awanninka a ƙarshen kowane mako, ka ware na zama kai-tsaye daga na rubuta rahoto da na zama da mai duba aiki, ba tare da sunan kowa daga cikin masu neman shawara ba, ka kuma sa mai duba aikin ya sa hannu kowane wata maimakon jira sai ƙarshen shekara, domin masu duba aiki sukan sauya wuri ko su yi ritaya. Kafin ka fara lissafin awannin bayan digiri kuma, ka tabbatar hukuma ta karɓi sunan mai duba aikinka da yarjejeniyar da ke tsakaninku, domin a jihohi da yawa awannin da aka yi kafin wannan amincewa ba sa shiga lissafi.